DABARUN AMSA TAMBAYOYIN LISSAFI A JARRABAWAR SHIGA MANYAN MAKARANTU

Gabatarwa

Kowace shekara samari da 'yan mata fiye da miliyan ɗaya suke zama jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantun Nijeriya. Hukumar da ke shirya wannan jarrabawa, watau JAMB, an kafa ta ne a shekarar 1978, kuma a 2010 aka fara yin jarrabawa guda ga masu neman jami'a da masu neman kwalejin kimiyya da fasaha da masu neman kwalejin horon malamai. Daga 2015 aka bar takarda da fensir gaba ɗaya, aka koma amsa tambayoyi a kan kwamfuta.

Duk wanda ke son karanta aikin injiniya, ko ilmin kwamfuta, ko aikin akanta, ko tattalin arziki, ba shi da makawa sai ya haɗu da lissafi a wannan jarrabawa. Yara da yawa masu ƙoƙari sun rasa gurbin karatu, ko sun yi zaman shekara guda a gida, alhali kuwa sun san aikin da aka tambaye su. Abin da ya kayar da su shi ne rashin sanin yadda ake tafiyar da lokaci da yadda ake karanta tambaya. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, don ɗalibai da iyaye da malamai su san hanyoyin da za a bi.

Lissafi ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar nan. Kalmar aljabara daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma wani babban sashe na littafin a kan rabon gado yake. A ƙarni na 18 kuma wani malami mutumin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi, irin wanda jimlar kowane layinsa take zama ɗaya, ya kuwa rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ya ga ana raba gado sulusi da sumuni, ko ya ga 'yan kasuwa suna fitar da riba da ka, bai kamata ya ɗauki lissafi dodo ba.

Yadda jarrabawar take

Ɗalibi yana amsa darussa huɗu. Turanci tilas ne ga kowa, tambayoyinsa 60. Sauran darussa uku kowanne yana da tambayoyi 40. Jimla ke nan 180, lokacin da aka bayar kuwa awa biyu, makin duka 400, watau kowane darasi 100. Kowace tambaya tana da amsoshi huɗu, A da B da C da D, ɗaya ce kaɗai daidai.

In aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya za ta sami daƙiƙa 40. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe. A makaranta malami yana ba da maki saboda hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Kwamfuta ba ta ganin hanya, harafin da aka zaɓa kawai take gani. Don haka kowace hanya ta gaskiya da za ta kai ɗalibi ga amsa da sauri, hanya ce karɓaɓɓiya.

Manhajar lissafi ta hukumar ta kasu kashi biyar: lambobi da sarrafa su, aljabara, awon siffofi da kusurwoyi, kalkulas, da ƙididdiga. Lalle ne ɗalibi ya nemi wannan manhaja tun da wuri, ya bi ta kashi kashi, ya ware abin da ya iya da abin da bai iya ba.

Dabara ta 1: A san abin da ake tambaya

Masu shirya tambayoyi sun san irin kurakuran da yara kan yi, kuma daga waɗannan kurakurai suke ƙera amsoshi ukun nan da ba daidai ba. Ganin lambar da ɗalibi ya samu a cikin jerin amsoshi bai isa ya zama shaidar cewa ya ci ba.

Alal misali: idan 3x + 5 = 20, nawa ne x + 2? Amsoshi: A 5, B 7, C 15, D 17. Mai gaggawa zai ɗebe 5 daga 20 ya sami 15, ya raba da 3 ya sami 5, ya ga 5 a harafin A, ya danna ya wuce yana murna. Alhali x + 2 aka nema, watau 7.

Wani misali: mutum ya sayi akuya Naira 40,000, ya sayar Naira 50,000. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Amsoshi: A 10, B 20, C 25, D 80. Ribar Naira 10,000 ce, kuma a kan kuɗin saye ake auna ta. Dubu goma cikin dubu arba'in rubu'i ne, watau kashi 25. Wanda ya auna ta a kan kuɗin sayarwa zai sami 20, ga ta kuwa an ajiye masa a harafin B.

Maganin wannan shi ne a karanta jimlar ƙarshe ta tambaya sau biyu, sau ɗaya kafin a fara aiki, sau ɗaya kafin a danna amsa. Tun da yake da Turanci ake tambayar, ya kamata ɗalibi ya lura ƙwarai da ƙananan kalmomin da ke nufin "ban da", da "aƙalla", da "bai wuce ba", domin kalma guda irin wannan tana juya ma'anar tambaya duka.

Dabara ta 2: A gwada amsoshin da aka bayar

Amsar gaskiya tana nan a gaban ɗalibi, cikin huɗun da aka jera. Idan kafa lissafin aljabara zai ci lokaci, sai a ɗauki amsoshin a mayar da su cikin tambaya, a ga wadda ta zauna.

Misali: shekarun wani uba sun ninka na ɗansa sau uku. Nan da shekara 12 za su ninka na ɗan sau biyu. Shekarun ɗan nawa yanzu? Amsoshi: A 8, B 10, C 12, D 15. A gwada 10. Uban yana da 30. Bayan shekara 12 ɗan yana da 22, uban 42, ninkin 22 kuwa 44 ne, bai zauna ba. A gwada 12. Uban yana da 36. Bayan shekara 12 ɗan yana da 24, uban 48, ninki biyu cif. Amsa C.

Idan amsoshin an jera su daga ƙarama zuwa babba, gara a fara gwaji da ɗaya daga cikin na tsakiya. Sau da yawa gwajin farko zai nuna ko sama za a yi ko ƙasa, ta haka sai a huta da gwada sauran.

Dabara ta 3: A sa lamba a gurbin harafi

Akwai tambayoyin da amsoshinsu duk haruffa ne. A nan ɗalibi yana iya zaɓen lamba mai sauƙi ya sa a gurbin harafin, ya fitar da sakamako, sa'an nan ya duba wace amsa ce ta ba da wannan sakamako.

Misali: a sauƙaƙa (x² − 9) ÷ (x − 3). Amsoshi: A x − 3, B x + 3, C x + 9, D 3x. A ɗauki x a matsayin 5. Murabba'in 5 shi ne 25, a ɗebe 9 saura 16, a raba da 2 a sami 8. Yanzu a duba amsoshi: A ta ba da 2, B ta ba da 8, C ta ba da 14, D ta ba da 15. Amsa B. A guji zaɓen 0 ko 1, domin sukan sa amsoshi biyu ko uku su fito iri ɗaya. A kuma guji lambar da za ta mai da abin rabawa sifiri, kamar 3 a wannan misali.

A tambayoyin kashi cikin ɗari, lambar da ta fi sauƙi ita ce 100. An ƙara wa kuɗin wani kaya kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20 daga sabon kuɗin. Yaya kuɗin ya tsaya? Yawancin mutane za su ce ya koma yadda yake. A ɗauka Naira 100 ne. Da ƙari ya zama 120. Kashi 20 na 120 shi ne 24, a ɗebe saura 96. Ashe kuɗin ya ragu da kashi 4.

Haka nan tambayar direban da ya tafi wani gari yana gudun kilomita 60 a awa, ya komo yana gudun 40, aka nemi matsakaicin gudunsa. Mai gaggawa zai ce 50. A ɗauka nisan kilomita 120 ne, don 60 da 40 duk suna raba shi. Zuwa awa 2, komowa awa 3. Tafiyar duka kilomita 240 cikin awa 5, watau 48 a awa. Dalili kuwa shi ne ya fi daɗewa a kan ƙaramin gudun.

Dabara ta 4: Kintace da zubar da abin da ba zai yiwu ba

Kafin a taɓa fensir, yana da kyau ɗalibi ya tambayi kansa ko wajen nawa amsar za ta kasance. Misali: 19.8 × 5.1 ÷ 0.49. Amsoshi: A 2.06, B 20.6, C 206, D 2060. Lambobin sun yi kusa da 20 da 5 da rabi. Ashirin sau biyar 100, a raba da rabi a sami 200. Amsa C, ba a ɓata ko daƙiƙa goma ba.

Wani lokaci hankali kaɗai ya isa. Wani manomi yana nome gona cikin kwana 6, ƙanensa yana nome ta cikin kwana 3. In sun haɗu, kwana nawa za su yi? Amsoshi: A 2, B 4, C 4½, D 9. Tun da ƙanen shi kaɗai kwana 3 yake yi, in ya sami mataimaki tilas kwanakin su kasa 3. Amsa ɗaya ce ta cika wannan sharaɗi, watau 2. Mai son tabbatarwa sai ya tara sudusi da sulusi, zai sami rabi, ma'ana rabin gona a rana.

Ga wasu ƙa'idodi da ke taimakawa wajen zubar da amsoshin banza. Awon yiwuwar aukuwar abu ba ya wuce 1, ba ya kasa sifiri. Matsakaicin lambobi yana faɗawa ne tsakanin ƙaramarsu da babbarsu. Tsawon gefe ɗaya na alwatika ba ya kai jimlar sauran biyun. Mara sau mara, mara ne, amma in aka ninka kowace cikakkiyar lamba da cika, cika za a samu. Lambar ƙarshe ma shaida ce: 347 × 68 tilas ta ƙare da 6, domin bakwai sau takwas 56 ne, don haka duk amsar da ba ta ƙare da 6 ba a jefar da ita.

Dabara ta 5: A zana hoto

Tambayar da ta yi maganar tsani, ko inuwa, ko tafiya gabas da arewa, kada a yi ta da ka. A zana ta a takardar gwaji, ko da zanen bai yi kyau ba, a rubuta kowane awo a wurinsa.

Misali: an jingina tsani mai tsawon mita 13 da bango, gindinsa yana nesa da bangon da mita 5. Ina kan tsanin ya kai? Da an zana za a ga alwatika mai kusurwar digiri 90, tsanin kuma shi ne gefe mafi tsawo. Murabba'in 13 shi ne 169, na 5 kuwa 25, bambancinsu 144, watau 12 sau 12. Amsa mita 12. Wanda ya haddace jerin 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17 ba ya ma bukatar wannan aiki. Ninkinsu ma haka yake: wanda ya yi kilomita 6 arewa, ya juya ya yi 8 gabas, yana nesa da inda ya tashi da kilomita 10, domin 6, 8, 10 ninkin 3, 4, 5 ne.

A kuma lura da ma'auni. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, za a shimfiɗa masa tayil mai santimita 50 kowane gefe. Guda nawa ake bukata? Kada a haɗa mita da santimita a lissafi ɗaya. Santimita 50 rabin mita ne, don haka guda 8 za su shiga tsawo, guda 6 su shiga faɗi, jimla 48.

Dabara ta 6: Rabon lokaci

Agogon jarrabawa guda ne ga darussa huɗu, yana kuma tafiya a fuskar kwamfuta. Ɗalibi shi zai raba wa kansa, yana da ikon fita daga wannan darasi ya shiga wancan. Ga misalin rabo mai kyau: Turanci minti 30, sauran darussa biyu minti 25 kowanne, lissafi minti 35, a bar minti 5 na dubawa. Kowa ya gyara wannan rabo gwargwadon ƙarfinsa, amma ya tsai da shi tun a gida.

A cikin lissafin kansa, a zagaya sau uku. Zagaye na farko a amsa duk tambayar da hanyarta ta bayyana nan take. Zagaye na biyu a koma ga waɗanda aka san hanyarsu amma suna bukatar aiki. Zagaye na uku a fuskanci masu wuya da abin da ya rage. Babban kuskure shi ne a tsaya kokawa da tambaya guda har minti huɗu, don a wannan lokaci da an ci wasu biyar masu sauƙi da ke jira a gaba. In minti ɗaya ya wuce ba a ga hanya ba, a rubuta lambar tambayar a takarda a wuce.

Akwai na'urar lissafi a fuskar kwamfuta, amma ta tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ce, kuma danna ta yana cin lokaci. A ajiye ta don manyan lambobi.

Dabara ta 7: Kada a bar tambaya ba amsa

Ba a rage maki don an ba da amsar da ba daidai ba. Saboda haka barin tambaya fayau hasara ce. Wanda ya yi saura da tambayoyi 12 ya zaɓa da ka, bisa ƙiyasi zai dace da kamar 3. In kuwa ya iya zubar da amsoshi biyu a kowace tambaya kafin ya zaɓa, zai dace da kamar 6. In saura minti biyu, a daina lissafi, a cike dukan guraben da suka rage.

Shiri tun kafin ranar

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarun nan duka suna taimakon wanda ya yi karatu ne, ba sa maye gurbin karatun. Ya kamata ɗalibi ya haddace jadawalin sau har zuwa 12, da murabba'in lambobi har zuwa 20, da yadda rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sumuni suke komawa kashi cikin ɗari. Ya san cewa jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, ya kuma san awon kusurwoyin digiri 30 da 45 da 60 ba tare da duba littafi ba.

Ya riƙa yin tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa, tambaya 40 cikin minti 35. Bayan ya gama, ya buɗe littafi na musamman ya rubuta kowane kuskure da dalilinsa: rashin sani ne, ko rashin karanta tambaya, ko gaggawa? Bayan mako biyu zuwa uku zai ga irin ramin da ya saba faɗawa. Awa ɗaya kullum ta fi kwana guda ana karatu har asuba.

Wanda bai saba da kwamfuta ba, musamman yaran karkara, ya nemi inda zai taɓa ta kafin ranar, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya. Ana iya amsawa da haruffan A, B, C, D, a ci gaba da harafin N, a koma baya da harafin P. Ranar jarrabawa a isa da wuri, domin sai an duba zanen yatsa kafin a shiga. Ba a shiga da wayar hannu, ko agogo, ko na'urar lissafi.

Gargaɗi ga iyaye da ɗalibai

Duk shekara 'yan damfara sukan fito suna cewa suna da amsoshi, ko suna iya ƙara maki in an biya su. Ƙarya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar da aka kafa a 1999, hukuncinsa ya haɗa da tara da ɗauri, ban da soke sakamako. Taimakon da iyaye za su yi shi ne su rage wa yara aikin gida da talla a watannin shiri, mata da maza, su sama musu littattafai da fitila da wurin karatu. Malamai kuma su riƙa ba da gwaji da agogo, su bi kurakuran yara ɗaya bayan ɗaya.

Aikin gwaji

A amsa waɗannan cikin minti uku.

1. Uwa ta girmi 'yarta da shekara 24. Nan da shekara 6 shekarunta za su ninka na 'yar sau uku. Shekarun 'yar nawa yanzu? A 4, B 6, C 8, D 12.

2. An rage kuɗin kaya da kashi 25 cikin ɗari. Kashi nawa za a ƙara wa sabon kuɗin ya koma na da? A 20, B 25, C 33⅓, D 75.

3. Wani famfo yana cika tanki cikin awa 4, wani cikin awa 12. In an buɗe su tare, awa nawa? A 3, B 6, C 8, D 16.

4. Matafiyi ya yi kilomita 15 kudu, sa'an nan 8 yamma. Nisansa nawa da inda ya tashi? A 7, B 17, C 23, D 120.

Amsoshi: ta 1, B, domin nan da shekara 6 'yar tana da 12, uwar 36. Ta 2, C, domin 100 ta koma 75, kuma 25 sulusin 75 ce. Ta 3, A, domin tilas lokacin ya kasa awa 4. Ta 4, B, daga jerin 8, 15, 17.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa shi ga wani ɗalibi a unguwarsu. Allah ya ba 'ya'yan ƙasa nasara, amin.